Maiturare Sarkin Hankakin Balad

Duk wanda ya taɓa zama a lungunmu na Balad, tsohuwar unguwar Jidda, ya san Maiturare, in bai san fuskarsa ba ya san muryarsa. Haifaffen Jidda ne, jikan Takari, wato Hausawan nan da kakanninsu suka zo Hajji suka yi zamansu. Turare yake sayarwa a kan faranti kusa da ƙofar garin da ake kira Ƙofar Makka, amma sana'ar da ya fi ƙwarewa a kanta ita ce cika baki. Ka ce ka ga ƙaton kifi a kasuwa, ya ce shi ya taɓa hawa bayan uwarsa. Ka ce ruwan nan mai tsiri sama a bakin teku ya burge ka, ya ce ai shi ya nuna wa injiniyoyi inda za su kafa shi.

Da aka rushe unguwar Karantina, shi da matarsa Mastura suka rasa inda za su sa haƙarƙarinsu. Baba Abdulghaffar, aminin marigayi mahaifinsa, ya ba su hawan ƙarshe na gidansa, tsohon bene na dutsen murjani mai tagogin katako da suka turo kan titi, waɗanda ake kira roshan. Sharaɗi ɗaya tsohon ya gindaya.

"Ya waladi, gidan nan ya girmi kakana, kuma ba a taɓa nuna shi da yatsa ba. Ranar da ka jawo masa abin kunya a bainar jama'a, halas, magana ta ƙare, ka tattara."

"Ya Ammi, ni? Ai ni daraja zan ƙara masa."

Mastura dai ta ji tsoron wannan amsa. Ta sha kuka ranar da ta ga ɗakinta na Karantina ya zama ƙura, kuma ta so sabon wurin nan kamar ranta. A saman benen take yanka nama, ta yi tsiren da mutanen Jidda ke kira siriya, ta sauka da yamma ta sayar. Ba abin da take roƙon Allah sai ya bar ta a nan.

Lokacin ne aka gyara Balad, baƙi suka fara tururuwa. Jiragen ruwa su sauke Turawa, motoci su kawo mutanen Riyad, kowa da waya a hannu yana ɗaukar hoton ƙofa da kyanwa. Wata rana Maiturare ya ji wani jagora yana gaya wa baƙinsa cewa gobe sai Obhur kallon kifin dolfin, jibi kudancin gari kallon tsuntsayen nan masu jan jiki da dogayen ƙafafu, mai son birai kuwa sai hanyar Ɗa'ifa. Ya rufe farantinsa ya taho gida yana haki.

"Ya Ummu Turki, na gano inda Jidda ta yi kuskure." Da sunan ɗansu Turki da ke aiki a Yanbu suke kiran juna.

"Jidda gaba ɗayanta?"

"Gaba ɗaya. Tarihi yana nan Balad, dabbobi suna can nesa. Ni zan haɗa su wuri guda, a saman benen nan. Baƙo ya taka dutsen murjani, ya ɗaga kai ya ga tsuntsaye a kafaɗata."

"Wace kafaɗar? Wadda ko buhun gawayi na ce ta ɗauko sai ta ce tana ciwo?"

"Ke dai ki fara koyon gaisuwar Turanci."

Washegari ya watsa alkama a saman bene. Tattabaru suka zo suka ci, ya tsaya yana yi musu jawabi. Kafin azahar hankaki suka iso suka fatattake su. Hankakan Jidda ba irin na ƙasar Hausa ba ne. Baƙi ne mai toka-tokan wuya, an ce jiragen ruwa suka kawo kakanninsa daga Indiya, kuma ba a raba kunya da shi ba. Mai hankali da ya tattara alkamarsa ya haƙura. Maiturare kuwa tafi ya yi.

"Tattabara kowa yana da ita. Hankaka shi ne tsuntsun tarihi! Ta teku ya zo, ya ga gari ya yi masa, ya zauna. Kamar kakanninmu."

"Ka fitar da kakana daga cikin hankaki, ya Abu Turki."

Daga nan ya shiga satar kitse da jijiyar naman Mastura. Da safe ya hau sama, ya daki faranti da cokali, ya watsa. Hankakin unguwa suka gaya wa na kasuwar kifi, na kasuwar kifi suka gaya wa na tashar jirgi. Ba a jima ba, idan ya daki farantin nan sai sama ta yi duhu, kuka ya hana mai barci barci. Shi kuwa ya raɗa musu sunaye, har da wani mai karyayyen bindi da ya naɗa Waziri.

Ta farko da ta kawo kuka ita ce Sadiyya, maƙwabciyarsu mai sayar da balila, dafaffen waken nan da ake zuba wa tsami. Ta leƙo ta kan katangar da ta raba benayensu riƙe da zanen gado.

"Ya Maiturare, eish hada, mene ne wannan? Fari na shanya shi, yanzu ga shi da fulawoyi!"

"Ya ukhti, ba nawa ba ne. Nawa masu tarbiyya ne, sai sun je bakin teku suke biyan buƙata."

"To wanda ya ɗauke mini kifi daga kan kasko fa?"

"Baƙo ne, daga Bur Sudan. Kin san halin baƙo."

Bai rufe baki ba Waziri ya sauka a kan igiyar shanyarta, ya zare ɗankwali ya tashi da shi. Sadiyya ta bi shi da muciya, ta dawo ta cilla wa Maiturare sauran zagin.

Baba Abdulghaffar yana da wani dogon benci a ƙofar gida, inda yake shan shayi da dattawan unguwa. Wata yamma ya ɗaga dabino zai kai baki, aka karɓe daga sama. Ya dubi yatsunsa, ya dubi kafaɗar farar jallabiyarsa da aka bar wa shaida, sannan ya sa aka kira Maiturare.

"Tun ina yaro a lungun nan, ban taɓa ganin hankaki haka ba."

"Albarkar gidan ce, ya Ammi. Tsuntsu ba ya sauka inda babu alheri."

Tsohon ya goge kafaɗarsa. "Ka dai tuna abin da na gaya maka," ya ce, ya miƙa hannu aka ba shi wani dabinon, ya ci shi a ƙarƙashin mayafi.

Cikin masu sayen turarensa akwai Dakta Muktar, likita ɗan Zariya da ke aiki a wani asibiti a arewacin gari. Maiturare ya cika masa kunne da labarin yawon tarihi da wasan tsuntsaye, har likitan ya ce zai kawo abokan aikinsa da mahaifiyarsa Hajiya Nana Khadija, wadda ta zo Umra. Suka yanke ranar Juma'a bayan la'asar, a haɗu a Bab Jadid, ɗaya daga ƙofofin tsohon gari.

Saura abu ɗaya. Hankakin suna cin namansa, amma babu wanda ya yarda ya hau kafaɗarsa. Ya ɗora kitse a kafaɗa, suka ɗauke kitsen suka bar masa maiƙo. Ana haka sai ya tsinci ɗan hankaka da ya faɗo daga sheƙa, ko tashi bai iya ba. Ya rungumo shi ya sa a kwali.

"Mayar da shi," in ji Mastura. "Ba ka ji kukan uwarsa ba?"

"Makaranta na sa shi. Kafin Juma'a zai iya gaida baƙi."

Da ya hau sama da safe ya daki faranti, babu wanda ya kalli naman. Sun jeru a kan katanga, sun yi tsit. Sai Waziri ya yi kuka ɗaya. Na farko ya cire masa hula, na biyu ya duba abin da ke ƙarƙashin hular, sauran suka bi layi. Maiturare ya gangaro matakala da baya, yana salati da Hausa yana neman agaji da Larabci. Mastura ce ta ɗauki kwalin ta mayar musu da ɗansu, ko kallonta ba su yi ba.

Ya zaci magana ta ƙare. Ashe hankaka ba ya manta fuska. Duk wanda ya fito daga gidan nan ya wuce lafiya, amma da Maiturare ya leƙo sai lungun ya ɗauki kuka. Ya fita da lema, suka shigo ta ƙasa. Ya kifa tukunya a ka, suka mai da ita ganga har kunnensa ya toshe. Ya sa baƙin tabarau da gemun auduga, Waziri ya tsige gemun ya kai sheƙa. Sadiyya ta fito da kujera ƙofar gidanta musamman don kallo.

"Ya Maiturare, masu tarbiyya suna gaishe ka!"

"Wasa muke yi, ya ukhti. Atisaye ne."

Ranar Juma'a ta zo, ko masallaci a ɓoye a bayan motar mai kai ruwa ya je ya dawo. La'asar ta yi, baƙi suna jira, hankaki suna gadi. Sai idonsa ya faɗa kan abayar Mastura da niƙabinta a rataye.

"Wallahi a'a," in ji Mastura.

"Zuwa Bab Jadid kawai."

"Kira likitan ka ce ba ka da lafiya. Ai ba ƙarya ka yi ba, dubi kanka."

"In soke? Ni? Jidda za ta ji kunya."

Ta ga ya riga ya zura hannu ɗaya. Ta riƙe shi ta ce, "To ka ji ni da kyau. Kome za a yi, kada ka ɗaga niƙabin nan. Ina son gidan nan, ya Abu Turki. Kada ka raba ni da shi."

Ya fito yana rangwaɗa, abayar ta tsaya masa a ƙwauri, ga manyan takalma a waje. Hankakin suka karkata kai, suka duba, suka ƙyale shi. Har ya kai Bab Jadid babu wanda ya taɓa shi.

Dakta Muktar yana ta waige-waige sai ga wata doguwar mata tana ƙamshin turaren oud ta matso kusa da kunnensa.

"Dakta, ni ne."

Likita ya yi tsalle gefe. "Subhanallahi! Hajiya, lafiya?"

"Ba Hajiya ba ce, Maiturare ne. Yi ƙasa da murya."

"Oga Maiturare, wannan wace irin shiga ce?"

"Al'ada ce. Haka jagororin Jidda na dā suke yi, don kada baƙo ya shagala da kallon fuskarsu ya bar kallon gini."

Hajiya Nana Khadija, wadda kunnenta ya ɗan yi nauyi, ta ja hannun ɗanta. "Likita, baiwar Allahn nan mura take yi ne? Ka rubuta mata magani mana."

Abin haushi, yawon ya fara da kyau. A gaskiya mutumin ya san Balad, ƙarin gishirinsa ne ya yi yawa. Ya nuna musu bango, ya ce su taɓa su ji, daga teku aka yanko dutsen, ga bawon katantanwa nan a jikinsa. Ya nuna musu yadda ake jera katako a tsakanin duwatsu don ginin ya riƙe kansa. Ya nuna roshan, ya ce daga ciki mace tana ganin titi, iska tana shiga, na waje ba ya ganinta. Ya kai su tsohon Masallacin Shafi'i, ya nuna inda ganuwar gari ta bi kafin a rushe ta. Baƙin suka yi ta jinjina kai. Nan kansa ya fara kumbura, muryarsa ta fara tashi.

"Makullin Ƙofar Makka kuwa a hannun kakana yake kwana. In bai tashi ba, gari bai waye ba!"

Sista Ruƙayyatu, ma'aikaciyar jinya 'yar Katsina, ta nuna wayar lantarki. "Malam, su kuma waɗannan da suke ta bin mu fa? Namu na gida farin ƙirji gare su."

"Su ma da kakana suka zo. Sun gama Umra ne suka sauke harami."

Aka yi dariya. Hankakin kan waya ba su yi ba. Muryar ta yi musu kama da wadda suka sani, suna dai jiran tabbaci.

Suka iso dandalin da ke gaban babban gidan tarihi, inda tsohuwar darbejiya take. Wurin cike yake da jama'a, har da ayarin Turawan jirgi. Sista Ruƙayyatu ta ɗaga waya.

"Ku matso mu yi hoto. Zan sa a gurup ɗin asibiti, duk 'yan Nijeriyan Jidda su san jagoranmu."

Maiturare ya shiga tsakiya ya gyara tsayuwa. Sai tunani ya zo masa. Duk 'yan Nijeriyan Jidda za su ga hoton nan, su ga baƙin ƙyalle da idanu biyu, su tambaya wace ce wannan. Wahalar da ya sha, wata ce za ta ci sunan. Ya saci kallon darbejiya, ya ga ganye kawai.

"Tsaya, ya Sista. Da sauri."

Ya ɗaga niƙabi ya washe baki.

Darbejiyar nan ta yi kuka gaba ɗayanta. Ashe rabin ganyen hankaki ne. Kafin Sista ta danna waya, jagora ya ɓace a cikin fukafukai. Ya tattare abaya zuwa gwiwa ya zura da gudu cikin kasuwar Alawi.

"Rijjal! Namiji ne!" in ji wata mata, ta maka masa jaka.

Ya ture tiren mai goro, ya taka wutsiyar kyanwa, ya shiga shagon mai yadi ya fito da yadin atamfa a wuya. A bakin lungu ya ci karo da kurar balilar Sadiyya, ya durƙusa a bayanta.

"Ɓoye ni, ya ukhti!"

"Tashi ka ba ni wuri! Yalla! Kai, wakena!"

Hankakin suka kasu biyu, wasu suka tsaya wa waken, sauran suka ci gaba da aiki. Mai hankali da ya yi bakin teku da su. Maiturare gida ya nufa. Bayansa hankaki, bayan hankaki Sadiyya da ludayi, bayanta likita da tawagarsa, can ƙarshe Turawan jirgi da wayoyinsu a sama.

A ƙofar gida kuwa Baba Abdulghaffar ya tara dattawan unguwa, an ajiye musu babban tire na shinkafa da kifi, an yi bisimilla ke nan. Sai ga mace mai gemu ta faɗo lungun, ta yi sufa ta shige ƙarƙashin benci. Gefen abayar ya kamo tiren ya jawo shi ƙasa. Hankakin da suka rasa mutuminsu suka ga kifi. Dattawa suka watse, wani ya bar takalmi, wani ya bar sanda. Baba Abdulghaffar kaɗai bai motsa ba, yana zaune da shinkafa a cinya, Waziri a kan hularsa. Turawan suka ɗauka wasan gargajiya ne, suka ɓarke da tafi.

Daga ƙarƙashin benci aka ji murya. "Dakta, ka gani? Na ce maka za su zo."

Da ƙura ta lafa, tsohon ya kaɗe jallabiyarsa. Bai ɗaga murya ba.

"Fito."

Maiturare ya rarrafo, ya ja niƙabi ya rufe fuska.

"Mastura tamkar 'yata ce, ba ta yi mini komai ba. In ta so ta zauna, in ta so ta bi ka. Amma wannan fuskar ba za ta sake shiga ƙofata ba sai tsuntsayen nan sun manta da ita."

"Ɗayyib, na ji, ya Ammi, kwana nawa ne? Dakta, gaya masa, ai ƙwaƙwalwar tsuntsu ba ta da girma."

Likita ya sosa ƙeya. "Sori, Oga. Ni dai na karanta cewa har 'ya'yansu suke koya wa."

Maiturare ya miƙe ya buɗe ƙirji, ya ɗaga kai wajen tagar sama yadda kowa zai ji.

"Ba komai! Matata ba ta kwana inda ba ni. Yalla, ya Ummu Turki, sauko da kaya. Gidaje nawa ne a Obhur suke roƙona!"

Kowa a lungun ya ɗaga kai. Roshan ɗin ya buɗe. Sai ga kwando yana saukowa a igiya, irin wanda tsofaffin matan Balad ke sayen burodi da shi. Ya tsaya daidai ƙirjinsa. A ciki akwai matashin kai, da darduma, da farantin turarensa.

"Ya Abu Turki," in ji Mastura daga sama, "an rushe mini ɗaki sau ɗaya, ina ji ina gani, ba yadda zan yi. Wannan karon da yadda zan yi. Akwai benci a shagon ƙanenka a Hindawiyya, abincinka zai riƙa iske ka a can."

Ya kwashe kayan a hankali, ya rungume. Kwandon bai tashi ba.

"Abayata kuma. Da niƙabin."

Ya dubi wayar lantarki, inda aka jeru ana goge baki. Ya dubi Baba Abdulghaffar, tsohon ya kau da kai. Ya cire abayar ya ninke, ya ɗora niƙabin a kai, igiya ta yi sama, taga ta rufe.

Ya ɗora matashin a kansa ya kama hanyar Hindawiyya, suka tashi suka bi shi.